Karatun Garin Alkama a Murabba

Duk faɗin ƙasar Hausa, daga Maraɗi har Zariya, ban ga wanda zai ja da ni a sanin addinin Sikh ba. Na sha faɗin haka a majalisa kuma babu wanda ya taɓa musa mini, don yawancinsu ko sunan ba su taɓa ji ba. Nakan gyara zama in ce musu a gaban babbar malama na durƙusa, a birnin Riyad, har ta yi mini shaidar kaifin ƙwaƙwalwa. Abin da nake tsallakewa shi ne, shekarata tara a lokacin, makarantar a bakin kicin take, kuma ƙamshin gurasa ne ya kai ni.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Babanmu injiniyan lantarki ne, kamfani ya ba mu gida a wani bene a unguwar Murabba. Ƙofarmu na kallon ta abokin aikinsa, wani dogon mutumin Indiya mai rawani da gemu, wanda muke kira Ankul Singh. Ɗansa Jasbir sa'ana ne. Ba a taɓa yi masa aski ba, haka addininsu ya ce, sai a tattara gashin a tsakiyar kai a ɗaure da ɗan ƙyalle, yaran layi kuwa su yi ta tambayarsa ko ƙwai ya ɓoye a ciki. Ni da shi cutarmu ɗaya. A Riyad muka buɗe ido, da Larabci muke faɗa, da shi muke shiryawa. Uwarsa ta yi masa magana da Panjabi ya amsa da Larabci, Ummata ta yi mini Hausa in ce mata "ɗayyib", wato "to" da Larabci.

Ina da kaka a Funtuwa, amma a kaset na san ta. In maniyyata sun zo, sai a aiko mana da kaset ɗin da ta yi magana a ciki, ta gaishe da kowa, ta ce wai ina mijinta Habibu, ko ya manta da ita. Rabin maganar ba na ganewa. Umma ta yi ta sharar hawaye, ni kuwa ina jiran a gama in kunna talabijin.

Da sanyin wata shekara ya shigo, sai ga kakar Jasbir ta zo da bizar ziyara. Bibi suke ce mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin mayafi, in iska ta taso sai ka ji tsoron kada ta tafi da ita, amma in ta murɗe maka kunne sai ka ga garinku. Wanda bai zauna Riyad ba ya ɗauka zafi kaɗai ke can. Akwai sanyin da in ka zuba ruwa a buta sai butar ta roƙe ka bargo. A gidan su Jasbir akwai daffaya, wato murhun kananzir na ɗumama ɗaki, a nan bakin kicin. Bayan magariba Bibi takan shimfiɗa darduma kusa da ita, ta ɗora shayi mai citta a kai, ta jawo tiren da take murza gurasarsu, roti. In ladan ya kira isha, ita ce ke fara kora ta: "Puttar, namaz!" Wato ɗana, tashi ka tafi salla. Ko Babanmu bai kai ta tsanani ba.

Ta zo da wani ɗan littafi, naɗe cikin ƙyalle mai ruwan lemo, a ɓoye tsakanin zannuwanta. Addu'o'i ne da aka ciro daga babban Littafinsu, wanda suke girmamawa kamar malami mai rai, su yi masa shimfiɗa, su lulluɓe shi, su yi masa fifita. Ba ta taɓa shi sai ta wanke hannu ta rufe kai, kuma a saman kabad yake kwana don kada kowa ya zauna sama da shi. Manya ba sa zancensa da ƙarfi, saboda a ƙasar ba a bayyana irin wannan. Babanmu ya ja ni gefe ya ce, "Abin da ka gani a gidan mutane, ka bar shi a gidan mutane. Ka ji ko?" Na ji. Ita ma Bibi ba ta taɓa ce mini in karanta addu'arsu ba.

Damuwarta guda ce. Bizarta za ta ƙare da ƙarewar sanyi, kuma jikanta bai san harafi ko ɗaya na rubutun da aka yi littafin da shi ba. Ta ce ba za ta hau jirgi ba sai ta ji ya karanta mata ko da layi ɗaya ne. Jasbir ya ce halas, wato zance ya ƙare, shi ba ya so, ya gaji da zama daban da kowa. Gashi daban, suna daban, yanzu kuma rubutu daban?

Sai ta kafa doka: ba harafi, ba labari. Takan barbaɗa garin alkama a kan tire, ta shafe shi da tafin hannu, ta ja layi da yatsa, ta rataya harafi a ƙarƙashinsa. Haka rubutunsu yake, haruffa na reto a jikin layi kamar an shanya wanki. Jasbir ya harɗe hannu ya kalli silin. Ni kuwa na ga roti na hucewa, labari na neman suɓucewa, sai na tsoma yatsa a gari na zana abin da na gani.

Bibi ta tafa hannu. "Shabash!" Wato madalla. Ta shafa kaina, ta gutsuro roti mai man shanu da sukari ta sa mini a baki, ta juya ta faɗa wa Jasbir wata doguwar magana.

"Me ta ce?"

"Ba ruwanka."

"Walla sai ka faɗa."

"Ta ce wai ɗan maƙwabta ya fi ni kai." Ya ture hannuna daga tiren. "Matsa, ya himar, jaki kawai. Ba haka ake yi ba."

Ya zana nasa. Bibi ta leƙa, ta taɓe baki, ta shafe. Ya sake. Daga ranar aka shiga gasa. Kullum ni ake yi wa shabash, shi kuwa a ce ya sake, har ya fara satar gari yana gwadawa a banɗaki.

In an gama sai labari. Ba ta da "ga ta nan ga ta nanku" irin tamu. Takan rage wutar daffaya, ta ja mayafi, ta ce wani abu da Jasbir ya fassara mini da "lokacin da kakata take da haƙora". Ita ta faɗa da Panjabi, shi ya juya mini da Larabci yana gunaguni, abin da ya rage hannuwanta su ƙarasa. Akwai na dila, akwai na wani ɗan kasuwa mai rowa. Wanda ya zauna mini shi ne na tulu biyu.

Wai wani tsohon manomi ne, da zai mutu ya kira 'ya'yansa maza biyu, ya ba kowa tulu cike da irin alkamar da ya gada daga kakanni. Ya ce su riƙe shi da daraja. Babban ya liƙe bakin tulunsa da yumɓu, ya naɗe shi da alharini, ya gina masa ɗaki, kullum da asuba ya zo ya rusuna ya yi masa fifita. Mutanen gari suka ce ba a taɓa ɗa mai biyayya irinsa ba. Ƙaramin kuwa ya buɗe nasa. Bai iya noma ba, sai ya bi tsofaffi yana tambaya har suka gaji da shi: yaushe ake shuka, zurfin nawa, me ya sa nan ta fito can ta ƙi? Shekarar farko tsuntsaye suka cinye rabi. Ta biyu ya cika ruwa ta ruɓe. Aka yi ta yi masa dariya, ana cewa ya wulaƙanta gadon ubansa a cikin taɓo. Sai aka yi shekarar yunwa. Gari ya taru a ƙofar babban, aka ce yau ranar tulunka ce. Ya wanke hannu, ya warware alharini, ya fasa yumɓun. Bibi ta ɗebi gari a tafinta ta hura mana a fuska. Abin da ya tarar ke nan, ƙura da ƙwari. Rumbun ƙaramin ne ya ciyar da garin.

Jasbir ya ce, "To ai babban wawa ne."

Ta murɗe masa kunne. "Kul! Shi ma son ubansa yake. Ni ba na naɗe nawa da ƙyalle? Naɗewa ba laifi ba ce, puttar. Amma ka naɗe, ka kuma buɗe." Ta ce ƙaramin ya ɗebi iri ya ba wansa, shi kuma ya ƙulle a cikin alharinin nan nasa ya kai gona, kuma ba a taɓa ganin irin da ya je gona cikin mutunci kamar wannan ba.

Ni tambayata ita ce ko an yi roti da alkamar. Ta ce an yi, kuma an hana masu surutu.

Ana gobe za ta tafi, akwatinta a ɗaure a bakin ƙofa, ta sa Jasbir ya wanke hannu ya gyara ƙyallen kansa. Ni ma ta yafa mini tawul a ka, ta ce in zauna daga gefe. Ta sauko da littafin ta buɗe masa. Ankul Singh ya tsaya a ƙofar kicin da kofin shayi bai kurɓa ba. Jasbir ya sa yatsa, ya fara ja, harafi na tuntuɓe da harafi kamar tsohuwar mota a kan tudu. Ya tsaya, ya koma, ya sake. Ya kai ƙarshen layin. Har ya ɗago da mamaki ya ce akwai wata kalma a ciki da ya sani daga Larabci, ta jinƙai. Bibi ba ta ce shabash ba. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Da ta natsu ya tambaye ta, "To me layin yake nufi duka?"

Ta ce ita tun tana yarinya aka cire ta daga makaranta don aikin gona. Ta iya haruffa, ta haddace addu'o'in, amma harshen littafin tsoho ne, kuma ya ɗebo kalmomi daga harsuna da yawa. Wani wurin tana ganewa, wani wurin zuciyarta ce kawai ke ji. "Ni na kawo maka tulun," in ji ta. "Ka je wurin waɗanda suka sani, ka dame su da tambaya. In ka gano, ka zo ka gaya mini kafin in mutu." Ta juyo kaina ta ce ni ma surorin da nake rerawa da gudu kamar ana kora ta, in je in tambayi malamina abin da suke cewa.

Ban sake ganinta ba. Bayan 'yan shekaru kwantiragin Babanmu ya ƙare muka dawo gida, na tarar kakata ta Funtuwa ta riga mu gidan gaskiya. Kaset ɗinta na nan a wurina. Yanzu ina gane kowace kalma, har inda take tsokanata, sai dai babu wanda zan mayar wa amsa. Ina yaro na ɗauka labarin tulu na Jasbir ne shi kaɗai. Sai da na ga 'ya'yana suna amsa mini Hausa da Turanci na gane cewa kowane gida da tulunsa a saman kabad. Har yau in na ji warin kananzir ya haɗu da citta, sai in nemi wurin zama.

Jasbir kuwa ya koma Panjab ya yi karatun Littafin nasu har ƙarshe. Daga baya ya gaya mini cewa ya sami Bibi da rai, yakan zauna ya yi mata bayanin layi ɗaya, ta saurara, sannan ta ce malamansa ba su gane ba. Yanzu a wata jami'a yake koyarwa. Yana tara ɗalibai 'yan Sikh waɗanda suka tashi a ƙasashen waje kamarsa, yana tura su su koyi harshen, su binciki tsofaffin rubuce-rubuce, su yi tambayar da suke jin kunyar yi a gida.

Bara muka sami juna ta waya. Rannan ya kira ni ta bidiyo yana cikin aji, rawani ya zauna, gemu ya yi fari, ya ce in gaisa da ɗalibansa. Na gyara hula na shaida musu cewa malamin nan nasu a bayana yake, ni ne na ɗaya a ajin Bibi, tun daga farkon sanyi har ƙarshensa ba a taɓa ce mini in sake ba.

Jasbir ya bari na gama. Sannan ya ce da Larabcinmu na layi, don kada yaran su ji:

"Ya Habib, ko harafi ɗaya ba ka taɓa rubutawa daidai ba. Ta ce zanenka kamar kaza ta bi ta kan tiren. Don in ji haushi take yabonka."