Ranar da aka aske gemun Yaya Tanimu

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana, Tanimu mai rake na Gubuchi, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ji 'yan siyasa a rediyo suna cewa an zalunce su a zaɓen fid da gwani, don haka sun tattara nasu ya nasu sun bar jam'iyya, shi nake tunawa. Sai dariya ta kama ni ni kaɗai, jikokina su ɗauka tsufa ne.

Lokacin soja ke mulki, ana fama da tsuke bakin aljihu, buhun taki ya gagari talaka. Gwamnati ta ce za ta mayar da mulki hannun farar hula, ta yanka mana jam'iyya biyu rak. Zaɓe kuwa, har na cikin gida, na ƙato bayan ƙato ne: a ɗaga hoton ɗan takara, mai so ya tsaya a layinsa, a ƙirga kawuna. Ba ɓoyo, surukinka ma yana ganin inda ka tsaya.

Jam'iyyarmu ta dare gida biyu kan wanda za a tsayar wa shugabancin ƙasa. Yaya da manoman rake suna bayan wani ɗan Arewa. Sakatarenmu, Malam Yohanna, malamin firamare ne ɗan Kudancin Kaduna, shi yana bayan wani ɗan Kudu da zai ɗauki mataimaki daga Arewa. Kullum cewa yake namu ɗan Arewan mutumin kirki ne, amma ƙuri'arsa ba za ta haye kogin Kwara ba. Yaya kuwa akwai baki. Wata rana a gaban jama'a ya kama gemunsa, wanda ya shekara talatin yana shafa wa mai, ya ce:

“Ranar da kuka gan ni a bayan hoton mutumin nan, ku kira wanzami ya kwashe wannan.”

Ba a yi wata biyu ba manya suka zauna, namu ya janye, aka daidaita kan ɗan Kudun da mataimakinsa. Manoman rake suka fusata, suka ce ɗaya jam'iyyar za su koma gaba ɗaya, Yaya kawai suke jira ya shige gaba. Da sun tafi, daga Gubuchi har Taba da Malikanchi da ba mu kai labari ba, don ko'ina ana jin maganarsu. Kwana uku Yaya bai je gona ba. A gida ya gaya mini shi ma ya san lissafin Malam Yohanna daidai ne, bakinsa ne ya ɗaure shi, ya kuma ɗaure mutane.

Ranar Laraba, kasuwar Makarfi na tsakiyar ci, sai ga shi ya shimfiɗa buzu a layin 'yan rake, ya aika a kira Ɗanjuma wanzami. Ɗanjuma ya ƙi, ya ce shi ba zai tozarta dattijo ba. Malam Yohanna ya zo da gudu yana ba shi haƙuri.

“Malam Tanimu, magana ce ta wuce, kowa ya yafe.”

“Ni ban yafe ba, Malam. Ni na hura wutar nan, ni zan kashe ta. Riƙe mini madubin.”

Haka aka yi, Malam Yohanna na riƙe da madubi, Ɗanjuma na aski. Da aka gama sai ga wani ɗan haɓa fari sol, ƙarami, wanda ni ƙanensa ma na manta da shi. Jama'ar kasuwa suka kewaye shi. Yaya ya duba madubi ya ce ashe shekara talatin yana ɓoye wa 'yan mata kyau. Aka kwashe da dariya, har da manoman da suka zo da sanduna don rigima. Ranar zaɓe shi ne na farko a bayan hoton, manoman rake suka jeru a bayansa suna tsokanarsa da ango.

Kun san ƙarshen abin, soja suka soke komai. Na tambaye shi ko bai yi asarar gemu a banza ba. Ya ce gemu wata huɗu ya dawo, amma da an rabu ranar nan, da har 'ya'yanmu ba sa gaisawa.

Da zai leƙo yau ya ga mutum ya karya a wata jam'iyya ya ci abincin dare a wata, na san abin da zai fara yi shi ne duban haɓoɓinsu. Ba na cewa 'yan da waliyyai ne, mu ma mun yi shirme iya shirme. Amma na ga mutumin da ya yarda a yi masa dariya a kasuwa don kada jama'arsa ta watse, kuma ina alfahari da cewa ciki ɗaya muka fito.

Bai bar gidan bene ba, bai taɓa riƙe ko kansila ba. Malam Yohanna yana nan, ido ya yi rauni, amma duk shekara sai ya sa an kawo shi gidanmu ya gai da iyalin Yaya. Bara na ce masa ya huta haka nan, hanya ta yi masa nisa. Ya ce mini mutumin da ya riƙe wa madubi bai sallame shi ba tukuna.