Jirgin Malam na Katako Ne

Me ya kai mutumin Kabo teku, mutumin da ko kududdufin bayan gari bai taɓa shiga ba? Na tambaye shi yana da rai, dariya kawai ya yi. Bana shekara goma sha shida da rasuwar mijina, har yau ban samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata Malama Binta ce ke rubuta abin da nake faɗa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira.

Ni Malam nake ce masa, mutanen gari kuwa Mai Jirgi. Yana saurayi, lokacin yaƙin Turawa, ya yi aiki a jirgin da ke share nakiyoyin da abokan gaba suka dasa a teku. Ya ce jirgin ƙarami ne, kuma da katako aka yi shi, domin akwai nakiyar da ƙarfe take bi, kamar mayen ƙarfe. A nan ne abokansa na ƙofar masallaci suke kama shi.

"Mai Jirgi, jirgin yaƙi da katako? Faɗi gaskiya, kwale-kwale ka tuƙa!"

"Ku yi shiru," in ji shi, "ku da ba ku taɓa ganin ruwan da ya fi na alwala ba."

Ni ce ya gaya wa sauran labarin. Manyan jirage masu bindigogi sai su tsaya a baya, su Malam ne ake turawa gaba. Suna tafe a hankali, suna jan waya a cikin ruwa har ta tsinke igiyar nakiya, abin ya taso baƙi wuluk da ƙahoni, a harbe shi daga nesa. Shi aikinsa tsayuwa a goshin jirgi yana kallo. Abokin tsayuwarsa wani mutumin kudu ne, Kirista, Joni. Shi ya koya masa iyo, shi yake karɓar masa tsaro in lokacin salla ya yi.

Zamanin tsuke bakin aljihu, sa'ad da muke zuwa Gwarzo layin sabulu da madara, kamfanin da autanmu Sani ke aiki a Kano ya sallami mutane. Yaro ya dawo gida ya zauna, sai rama yake. Malam ya ce Sani ya tafi kudu wurin Joni, a garin bakin teku. Na ce ban yarda ba, na yi fushi. Ya tafi. Damina ɗaya tsakani Malam ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Yau Sani yana can da mata da 'ya'ya huɗu, yana sayar da albasa. Joni ya mutu, 'ya'yansa ne maƙwabtan Sani. Da aka ce shari'a ta zo, na yi murna kamar kowa, ni Musulma ce, kuma kabari nake fuskanta. Amma tun daga nan direbobin da ke kai kaya kudu suke dawowa da maganganun da ke hana ni cin abinci. Wannan ya ce an tare hanya. Wancan ya ce an fara tambayar mutum daga ina yake. Sani ya aiko cewa, "Inna, lafiya lau muke, 'ya'yan Baba Joni suna tare da mu." Wannan lafiya lau ɗin ce ta fi ba ni tsoro. Malam ya sha gaya mini ranar da teku ke hauka ba ta dame su ba. Ranar da tekun ya kwanta lif, ita ce kowa ke tsoro.

Da yana nan me zai ce? Zai ce zama ya fi, ko hanya? Ita ma hanyar doguwa ce, ga yara ƙanana. Shi ya san yadda ake kallon wuri a gane abin da ke ƙarƙashi. Ni ban iya ba.

Alhaji Ado direba zai tashi zuwa kudu bayan kasuwa, ya ce in ba shi saƙo. Na sa an ɗauki muryata a kaset ina cewa, "Sani, kwaso iyalinka ka taho." Na sa an goge. Na sake, na sake gogewa. Na san ɗana: in ya ji muryata ko wuta ce a hanya zai biyo.

Malam bai bar gona mai yawa ba, lambar yabo ma ba a ba shi ba. Abin da ya bari shi ne mutane a wata ƙasa da ke kiran ɗana ɗan'uwa, da kuma maganar da ta ɗaure mini baki. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Ranar da zai cika na ce bari in aika Sani ya zo. Ya riƙe mini hannu.

"Hajara, kada ki taɓa kiran yaron nan saboda tsoronki. Shi ne a wurin, shi ke gani."