Goggo Memuna da Taron da Ba Na Son Kira

Shekara tara ke nan da muka kai Goggo Memuna makwancinta, kuma a cikin shekarun nan ban taɓa son ganinta kamar wannan makon ba. Kewa tana ciki, amma gaskiyar magana so nake in zauna a gabanta in yi mata ƙorafi, ko da yake na san a ƙarshe ni zan sha faɗa.

Ga wanda bai san ta ba, ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwarsa. Man kaɗanya take sayarwa a kasuwar Aboabo, a nan Tamale. Har ta tsufa babur take hawa, ta ɗaure mayafi a ƙugu, samari suna kauce mata a hanya. Ita ce kuma Magajiyar mata a ƙungiyarmu ta Moshi Zongo, wadda ta haɗa hannu ta gina ɗan asibitin haihuwa a cikin unguwa.

Maganar zubar da ciki kuwa, Goggo ba ta son ko jin sunanta. Ta haihu da yawa, ta binne da yawa, saboda haka ba ta iya fahimtar yadda mutum zai samu ya ce ba ya so. Ba ta ɓoye wannan ga kowa ba. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya karanta ya ɗauka wata 'yar boko ce mai ra'ayin zamani.

Ƙungiyarmu tana da wata al'ada da ta girmi asibitin. Ciyaman yana iya yanke ƙananan abubuwa shi kaɗai, irin su gyaran rufi ko sayen katifa. Amma in hukunci ya shafi mata, sai ya aika wa Magajiya goro a cikin ganye. In ta fasa ta raba wa mata, magana ta zauna. In ta mayar masa yadda ya zo, dole a tara kowa da kowa a harabar asibiti bayan sallar Juma'a, a yi magana, a ɗaga hannu.

Shekaru da dama kafin rasuwarta, wata mata ta sha magani da kanta don ta zubar da ciki, aka kawo ta jini yana zuba. Sanatu ce ungozomar da ke bakin aiki, lokacin tana yarinya sabuwar fitowa daga makaranta. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta yi abin da za ta iya, ta sa matar a tasi zuwa babban asibiti, matar ta rayu. Ciyaman na lokacin, Alhaji Fusaini, yana neman kujerar majalisar gunduma, kuma ya ga unguwa ta ɗauki zafi. Sai ya ce ya kori Sanatu, kuma daga ranar kada a taɓa mace irin wannan sai ta faɗi wanda ya ba ta maganin. Ya aika goro hankalinsa kwance, don duk Tamale an san inda Goggo ta tsaya.

Da kanta ta mayar masa har shagonsa, a gaban abokan hirarsa. Ina wurin.

"Magajiya, ke ma kin koma bayan masu zubarwa ne?" in ji shi.

"Alhaji, ka san ni sarai. Ranar mitin ni zan fara magana a kansu. Amma kujera muka ba ka, ba mu ba ka bakinmu ba. Ka kira mitin."

Ta kuwa cika alkawari. Ranar taron ta miƙe ta yi wa masu shan magani tatas, har 'yan mata suka sunkuyar da kai. Alhaji Fusaini yana ta gyaɗa kai, yana ganin ta dawo hanya. Da aka zo ɗaga hannu kan a bar Sanatu, hannunta ne ya fara tashi. Ta ce macen da jini ke zuba a jikinta ba a yi mata tambaya a bakin ƙofa, a bari ta tashi tukuna sannan a yi mata wa'azi. Da ƙyar hannuwan suka rinjaya, Sanatu ta zauna a aikinta.

A hanyar gida na tambaye ta, da an rinjaye ta fa, aka kori yarinyar? Ta ce da sai ta sake neman taro wani watan, ta ci gaba da nema har su gaji. Amsar ta ba ni haushi a lokacin, kuma yau ta fi ba ni haushi.

Yanzu kullum ka kunna rediyo wannan gardamar ce. Wani ya bugo waya ya ce shugaban ƙasa ya tashi da safe ya sa hannu ya haramta abin baki ɗaya, me ake jira? Wani ya ce a'a, ya sa hannu ya buɗe ƙofa baki ɗaya. Muna jin yadda a wata ƙasa can ƙetare wannan shugaba yakan hau ya hana, wancan ya hau ya buɗe, mata suna tsakiya ba wanda ya tambaye su. Da Goggo tana nan, na san za ta tsaya da masu cewa a hana, sannan ta juya ta tambaye su wa ya ba mutum ɗaya wannan ikon. Ɓangarorin biyu duk da sun gaji da ita kafin sati ya fita.

Da a rediyo kaɗai abin ya tsaya, da na rubuta addu'a na ajiye alƙalami. To, ni ne Ciyaman yanzu. Tsohon malamin makaranta, an ga ba ni da aikin yi, aka ɗora mini.

Sanatu ta manyanta, furfura ta fara fito mata, rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo, har da jikokina. Kwanakin baya wata mata mai ciwon zuciya ta zo awo. Sanatu ta duba ta, ta ce wannan ya fi ƙarfinta, ta raka ta babban asibiti. Likitoci suka ce cikin zai tafi da ran uwar, suka cire shi, kamar yadda dokar ƙasa ta yarda a irin wannan hali. Mijin ya sani, ya yarda. Danginsa ne ba su sani ba, kuma da suka taso sai bakinsa ya mutu. Ga zaɓe ya matso, 'yan siyasa sun ɗauki maganar suna yawo da ita majalisa majalisa. Yanzu ana ta matsa mini in kira taro a kori Sanatu.

Ni dai na tabbata ba ta yi laifi ba. Malaman da na tambaya ma sun ce ran uwa shi ne gaba. Amma mai fushi ba malami yake nema ba. Na zauna na lissafa mutanen unguwa a raina, wane zai ɗaga, wance ba za ta ɗaga ba, lissafin bai yi mini daɗi ba.

Ga kuma hanya mai sauƙi a buɗe. In ce na rufe maganar, in aika goro ga Magajiyar yanzu, Hajiya Zainabu, wadda aminiyar Sanatu ce. Kafin ɗan aike ya juya ta fasa shi, ta raba wa ƙawayenta. Ba wanda zai ce na karya al'ada. Har na je Aboabo na tsaya gaban mai goro, na ɗaga wannan na ajiye wancan, mutumin ya gaji ya ce, "Tica, saye za ka yi ko gaisawa kake da su?" Na dawo hannu wofi.

Abin da ya tsayar da ni shi ne, Alhaji Fusaini ma ya tabbata gaskiya yake bi. Bai ɗauki kansa azzalumi ba, kamar yadda ban ɗauki kaina ba. Wa'adina ya kusa ƙarewa, kuma wanda ke harin kujerar yana cikin masu cewa a kora. In ni da Hajiya Zainabu muka rufe bakin unguwa bana, baɗi shi da wata za su rufe, kuma ni na koya masa yadda ake yi. Duk wannan na san shi. Amma sai in ce a raina, Goggo, ke kin yi sa'a, hannuwa sun rinjaya a ɓangarenki. Da kin faɗi ranar, da za ki iya kallon idon yarinyar nan?

Shekaranjiya da hantsi na je asibitin na sami Sanatu tana auna wani jariri. Na gaya mata na kira taro, Juma'a mai zuwa. Ta gama, ta miƙa yaron ga uwarsa, ta wanke hannu.

"Baba Ciyaman, ba komai. Mitin ne ya bar ni a nan, in mitin ya ce in tafi, zan tafi. Amma Lariba fa? Watanta ya tsaya, yaron a gicciye yake, kuma ta ce ba ta zuwa babban asibiti sam sai da ni. Wa zai kai ta?"

Na tsaya ina kallon ma'aunin kamar yau na fara ganinsa, sannan na yi mata sallama.

Mutane sukan tambaye ni me Goggo ta bari. Ba ta bar gida ba, ko hoton kirki nata ba mu da shi. Ra'ayinta kan zubar da ciki ma ban gada duka ba, mun sha saɓani a kansa. Abin da ta bari shi ne ta sa hanyar sauƙi ta gagare ni. Ga tsoho da iko a hannunsa na ya ceci wadda yake ganin tana da gaskiya, amma zai bi unguwa gida gida yana roƙon mutane su saurare shi, alhali a wurin taron hannu ɗaya zai ɗaga kamar kowa. Gobe da safe zan fara da gidan da ya fi wuya, gidan surukan matar nan mai ciwon zuciya.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya kai haske kabarinki. Ina jin tsoro, kuma ban san yadda Juma'ar za ta ƙare ba. In aka kori Sanatu, ni na kira taron, kuma ni zan tsaya a gabanta in ƙirga hannuwan.