Wanzamin da Bai Tsaga 'Yarsa Ba

Sulemanu wanzami ne ɗan wanzami, a wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari. In ka ga Ba'are, wato ɗan ƙabilar yankin nan, da tsaga biyu-biyu daga gefen baki zuwa kunne, kuma bai kai ga furfura ba, da wuya in ba askar Sulemanu ce ta bi ta kuncinsa ba. Mata kan ce tsagarsa ko da zare aka auna sai haka. Shi ma yana da tasa, mai zurfi, aikin ubansa.

Amma mutumin nan akwai abin da ya haɗiye bai gaya wa kowa ba. Yana saurayi ya tafi ci-rani can bakin teku. A wani shingen hanya aka tsayar da motarsu, ba a tambayi kowa takarda ba, fuska kawai aka bi ana dubawa, duk mai tsaga aka ce ya sauko. Suka yini a rana, masu talla suna nuna su suna dariya. Ya dawo gida ya ɗauki zabirarsa, ya ci gaba da tsaga 'ya'yan mutane, don sana'ar gado ce, kuma ita ke cika masa rumbu. Sai da matarsa A'i ta haifi Bushira sannan askar ta yi masa nauyi. Ya ce jaririyar ba ta da ƙwari, a bari ta yi ƙarfi. Aka yi ta bari har ta yi haƙori, har ta shiga lakwal, wato makarantar boko, maganar ta bi ruwa. Wa zai ja da wanzami a kan jinin jariri?

Bushira ta yi karatu har jami'a a Yamai, inda take nazarin al'adun mutane da harsunansu. Bara bayan girbi ta zo ƙauye da 'yan ajinsu, da wata baƙuwa mai ɗaukar hoto, Madam Lydie. Baƙar fata ce daga wata ƙasa bayan teku, inda aka kai kakanninta zamanin cinikin bayi. Ta ce ba a bar mata komai da zai nuna daga ina suka fito ba, shi ya sa take yawo tana ɗaukar fuskokin masu tsaga.

Ranar nan Sulemanu ya sa babbar riga, ya shimfiɗa buzu a gindin gawo, ya jera asake da ƙaho. Rabin ƙauye ya taru. Baki ya yi masa daɗi, kun san halin tsoho in ya ga 'yan boko suna rubuta maganarsa. Bushira ce ke juya wa baƙuwar da Faransanci.

"Ba'are ba shi ɓata," in ji shi. "Ko kasuwar Makka munka shiga, huska na gaya ma ɗan'uwanka. Wanda ba shi da tsaga, ina shaidatai?"

Madam Lydie ta gyaɗa kai, ta dubi fuskarsa, ta dubi ta Bushira, ta yi wata tambaya. Bushira ta fassara masa.

"Baba, cewa ta yi, in haka ne, mi ya hana ka yi ma ɗiyarka?"

"Ba ki da lahiya lokacin," ya ce da sauri. Amsar da ya saba bayarwa ke nan.

Sai tsohuwar ungozomar ƙauyen ta tuntsire da dariya, ita dai wasa take yi. "Wagga? Ni na karɓe ta hwa. Duk 'yan daminar nan babu mai ƙibarta."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Bushira ta daina fassara, ta yi ƙasa da murya.

"Ni ma ina son in sani, Baba. Cikin sa'o'ina ni kaɗai ba ni da ita. Har na bar garin nan 'yar tsintuwa suka kira na."

Sulemanu bai taɓa jin wannan ba. Ya ɗaga kai, ya ga kumatu sun kewaye shi, duk aikinsa ne. In ya ce tsaga abin alheri ce, ya cuci 'yarsa. In ya ce ba alheri ba ce, ya cuci garin nan kaf, kuma yana sane. Kunya ta rufe shi har ya ji rigar ta yi masa yawa. Baƙuwar ta sauke kyamararta don ta raga masa, wannan kuwa ya fi masa ciwo. Ya tattara asakensa ya shige gida, ko sallama bai yi ba.

Washegari da hantsi bai so fitowa ba, amma aka yi sallama a ƙofa. Idris ne, manomi, sa'an Bushira, damina ɗaya aka haife su. Aski ya zo yi. Ya zauna, Sulemanu ya jiƙa masa kai ya aske, ya gangaro gemu, aska ta zo daidai kan tsagar. Nan Idris ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Baba Wanzam, da nit tahi ci-rani, ni ma an sauke ni mota. Huskata kawai anka duba." Ya ci gaba. "Kai ma ka yi ci-rani can. Ka san da haka tun kahin ka aza mini aska, ko?"

Sulemanu ya nemi ƙarya a bakinsa, bai samu ba.

"Na sani," ya ce.

Idris ya juya kai, ya miƙo masa ɗaya kuncin.