Zuwa Landan Ɗauko Yaya Lawal

Malumfashi zuwa Kano

Na bar gida ranar Talata kafin kiran assalatu, a wata tsohuwar fijo da direba ya cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Ni Asabe, malamar makarantar 'yan mata, da ban taɓa wuce Kaduna ba, wai Landan za ni. Kuma ba yawon buɗe ido ba, Inna ce ta aike ni in ɗauko mata Yaya Lawal.

Yaya Lawal shi ne babbanmu. Yana aikin rabon filaye a wata ma'aikata, aka tura shi kwas Ingila. Yana can sojoji suka shiga sharar ma'aikata, kullum ana karanta sunaye a rediyo, an sallami wane da wane nan take. Muna tsakar gida muna gyaran wake muka ji nasa. Kwas ya ƙare, Yaya bai dawo ba. Matarsa ta gaji da jira ta koma gidansu. Ciwon ƙirjin Inna kuma ya yi ta gaba har ta daina kai ƙofar gida. Maigidana ya ce, "Ki je kawai. Duk gidanku bakinki kaɗai yake tsoro."

Inna ta ƙulle mini kuka da daddawa da yaji. Saƙonta gajere ne: "Ki ce masa ni ban kore shi ba."

Kusa da Gwarzo sojoji suka tare mu. Ɗaya ya buɗe jakata, warin daddawa ya buge shi, ya ce, "Hajiya, wannan fa?" Na ce, "Makami ne, amma na miya." Direba ya waiwayo a tsorace: "Malama, don Allah ki rufa mana asiri!" Sojan ya yi dariya ya ce mu wuce. Na kwana Fagge wurin gwaggona, washegari na shiga jirgi. Lokacin kuɗin mai ya cika gari, jirgin maƙil da 'yan kwangila masu zuwa sayayya, kowa na hirar agogo da leshi. Ni na rungume jakata har muka sauka.

Camberwell

Rifkatu ce ta tarbe ni, 'yar Pankshin, mun yi makarantar kwana tare, yanzu nas ce a babban asibitin unguwar. Ta sa mini wata ƙatuwar riga mai gashi, muka hau bas zuwa cikin gari. Muna isa flat ɗinta ta nuna mini yadda ake kunna hita, ta ce, "Yi haƙuri 'yar'uwa, an yi mini changing ɗin duty." Ta fice.

Kai, ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai rannan. Babu sallama, babu kukan akuya, babu mai leƙowa ta ce sannu da zuwa. Na haɗu da maƙwabciya a kan matakala na gaishe ta da Turancina na makaranta, ta dube ni kamar na zo bin ta wani abu. Na koma ciki na yi kukana na share.

Tottenham

Ranar Juma'a Rifkatu ta sa ni a tube, jirgin ƙasa ne mai bi ta ƙarƙashin gari. Mutane cike, gwiwa na gugar gwiwa, amma kowa ya kafa ido a jarida. Na sauka na bi kwatance har wani dogon gida na jan bulo. Wani dattijo ya buɗe, ya ce, "Kai ne ƙanen Lawal? Shiga, yana sama." Na ce a raina, ni da ɗankwalina da zanena ake ce wa kai? Ashe mutumin Kumasi ne, haka Hausarsu take, ba ta raba mace da namiji.

Yaya ya buɗe ƙofa ya tsaya. Ya rame, furfura ta fito masa, mutumin da a da sai an yi sallama a zaure an jira kafin a gan shi. Ya ce, "Asabe? Inna ce?"

"Tana raye. Amma ba don kai ba."

Ɗakin gado ne da kujera ɗaya da murhun gas, sauran duk littattafai. Da safe yana ɗaure kwalaye a wani kamfani, da yamma sai ɗakin karatu na unguwa. Na tuƙa tuwon garin shinkafa, na kaɗa miyar kuka. Ya ci ya side kwano. Na isar da saƙon Inna. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gobe ba aiki. Zan kai ki ki ga wasu mutane." Na ji daɗi, na ɗauka abokai ya yi.

Gidan tarihi

Ashe kawunan dutse ne. Wani ƙaton zaure a tsakiyar gari, an jera kawunan mutanen Rum na da can, yawanci hanci a karye. Na ce, "Yaya, waɗannan ne mutanen naka? Lallai ka yi dangi."

Bai kula ni ba. Ya ce a wancan zamanin Rum ba ta da sarki, majalisar manya ke mulki. Talaka ya tafi yaƙi ya ciyo wa birni ƙasashe, ya dawo ya tarar manya sun haɗiye gonarsa. Sai wani saurayi ɗan babban gida ya tashi ya ce a raba filayen gwamnati ga marasa gona. Manyan nan suka karya ƙafafun bencina suka kashe shi da duka, suka jefa gawarsa a kogi. Ƙanensa ya ɗauki aikin, shi ma ya tafi a kai. Ya faɗi sunayensu, ban riƙe ba.

"Daga nan sai janar-janar," in ji shi. "Ɗaya ya ɗebi marasa gona a soja, suka zama nasa, ba na birni ba. Wani ya juyo da rundunarsa ya shiga birninsu da takobi, ya ce gyara ya zo yi. Kowa gyara yake cewa, Asabe. Ni ma da na hana wasu manya gonakin ƙauye gyara na ce. Da namu janar ɗin ya hau, na yi tafi a ɗakina har hannuna ya yi ja. Sai ga sunana. Ban san wanda ya kai shi ba, ba a kuma tambaye ni komai ba. Amma ranar da aka harbe janar ɗin a kan hanya wallahi kuka na yi, don na san da gaske yake."

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya fi yawa. Na ce, "To ni ina ruwana da matattun Turawa? Uwarka na can tana tari."

Muka fito muka zauna a kan matakala, yayyafi na sauka. Ya ce, "Kin san yadda mutanen Rum suke korar mutum? Ba sa ɗaure shi. Shela ake yi, an hana wane wuta da ruwa. Ba mai ba shi ruwan sha, ba mai barinsa ya ɗebi garwashi a murhunsa. Da ƙafarsa zai bar gari. Ni ma abin da rediyo ta yi mini ke nan."

Nan fa na tashi tsaye. "Haba Yaya! A Malumfashin? Wa ya taɓa shiga gidan wani da kasko ɗibar wuta aka ce masa babu? Ɓarawon akuyar da aka kama a unguwarmu, da aka sako shi ba matarsa ce ke ɗibar wuta a murhun Inna ba? Kai da ba ka ɗauki komai ba?"

"Shi ai an kai shi gaban alƙali, ya yi zamansa ya gama. Ni ba ni da ranar gamawa."

"Ba wanda zai hana ka."

"Na sani," ya ce. "Za su ba ni. Har da tausayi za su ba ni. Hannun ne ba zai miƙu ba."

Na zage shi, Allah Ya yafe mini, na ce masa matsoraci, na ce ya fi son kan dutse da fuskar uwarsa. Turawa na wucewa suna kauce mana. Da na gaji na zauna, ya cire mayafin wuyansa ya naɗa mini. A ƙarshe ya ce, "Yi mini booking. Zan gwada."

Filin jirgi

Sauran kwanakin na yi su ni kaɗai a flat ɗin Rifkatu, ina kallon rufin gidaje ta taga. Sau ɗaya muka je kasuwar Deptford na saya wa Inna bargo. Ranar tafiya Yaya ya zo da sassafe, ya yi aski, ga akwati a hannu. Zuciyata ta yi fari ƙal.

Muka hau bas, yana ta tambayata wa ya mutu, wa ya haihu, an gyara masallacin unguwa? Muka shiga layi. A gabanmu wasu mutanenmu ne cikin manyan riguna, suna hira da ƙarfi. Ɗaya ya waiwayo, ya ƙura wa Yaya ido, ya ce, "A'a! Ba Malam Lawal ba ne na filaye? Ashe nan ka ɓuya? Allah sarki, sai haƙuri." Ba da mugunta ya faɗa ba, har hannu ya ba shi.

Na ga fuskar Yaya ta canza. Ya ajiye akwatin kusa da ƙafata ya ce, "Tsarabar Inna ce a sama. Ki ce mata ina nan tafe." Na riƙe rigarsa, ya zare hannuna a hankali. Na bi shi da kallo har ya shige cikin mutane. Kujerar kusa da ni ba kowa har Kano.

Gida

Na iso Malumfashi bayan la'asar. An fito da Inna tsakar gida an jingina ta da bango, an share ko'ina, an yanka kaji. Na yi sallama ta amsa, amma ba ni take kallo ba, bayana take kallo. Yara suka shigo da akwati biyu. Ta ci gaba da kallon ƙofar zaure har aka saki labule.

Na durƙusa na ce, "Inna, ya ce yana nan tafe."

Ta ce, "Kin gan shi da idonki?"

"Na gan shi."

"Matso."

Na matsa. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta buɗe mini ido da yatsunta, ta yi ta kallon cikinsu. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta daɗe a haka, sannan ta sake ni ta ce a kawo mini ruwa.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Rifkatu da dattijon nan na Kumasi da ke leƙa Yaya in ya ji shi shiru. Yaya Lawal ya dawo daga baya, amma bai tarar da Inna ba, ta rasu kafin wata damina. Wannan kallon da ta yi a idona shi ne ganinta da ɗanta na ƙarshe.