Bikon Badamagare Mai Jita

A motata akwai doka, kuma ba ta da tsawo. In an shiga a yi bismillah, a ɗaura bel, a saurari labarai har mu hau babbar hanya. Daga nan sai kiɗan blues. Ba a cin abinci, ba a taɓa madubi, ba a sa kiɗan rock. Shekara tara ina bin wannan tsari daga Gaithersburg zuwa unguwar Southwest a babban birnin Amurka, inda nake aiki a ɗakin rarraba wasiƙu na wata ma'aikatar gwamnati. A takwas daga cikin shekarun akwai mutum guda a kujerar gefena yana ƙorafi.

Badamagare ne, yana fassara labarai a gidan rediyon nan mai sashen Hausa, kusa da wurin aikina. A masallacin Juma'a muka haɗu. Da ya ji Kananci a bakina sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na samu bawa mai mota." Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, don haka ban ji haushi ba. Tun daga Litinin ɗin da ta biyo nake ratsewa Takoma Park in ɗauke shi ƙarfe bakwai saura kwata. Bai saba fitowa kafin bakwai saura goma ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Blues kuwa a wurin aiki na same shi. Dattijon da ya koya mini aikin, baƙar fatar Amurka, ranar da zai yi ritaya ya miƙo mini jakar takarda da faifai shida a ciki. Na saka na farko a mota. Wani tsoho ne shi kaɗai da jita, yana buga ƙafa a kan katako. Ban fahimci rabin Turancinsa ba, amma na ji garayar da mafarauta ke kaɗawa a ƙauyen kakata. Shida suka zama akwati guda, ni kuma na jera su yadda ya kamata.

Sahun farko tsofaffin kudu ne, masu jita ɗaya da ƙafa ɗaya. Wanda na fi so a cikinsu yakan riƙe kiɗa guda ya yi ta juya shi har ka daina jiran wani, ka zauna a cikin wanda aka ba ka. Sahu na biyu su ne waɗanda suka yi ƙaura zuwa birni, suka haɗa jitarsu da lantarki amma ba su manta da gida ba. Akwai wani mai murya kamar ana jan buhun gero a kan tsakuwa, shi nake sakawa ranar Litinin. Akwai wata mata da in ta buɗe baki sai makaɗan su nutsu kamar yaran da uwa ta tarar a madafa. Sahu na uku na bakin iyaka ne, samari masu dogon gashi da suka koya daga faifan tsofaffin, kuma ina sa musu ido. Bayan su babu sahu. Bayan su rock ne.

"Ina iyakar take, Bakano?" Badamagare yakan tambaya. "Nuna mini ita. Akwai kwastan? Ana buga hatimi?"

Na ce akwai, kuma a kaina take. Ina sa hula kullum, ko da kwat ne a jikina. In kiɗa ya sa na gyaɗa kai hula ta zauna daram, blues ne. In ta fara zamewa goshi, an tsallaka.

"To ai matsalar kanka ce. Ku Kanawa kanku ƙarami ne, duk lissafin kasuwa ya cinye shi." A ra'ayinsa blues duk daga Nijar ya tashi, kuma rock ɗan blues ne da ya samu abinci ya ƙoshi. Na ce ɗan da ya ƙoshi ya daina gaida ubansa. Haka muke yi kullum, daga ƙofar gidansa har mu hango ginin majalisa.

Wata Talata, lokacin da ganye ke zuba, na iso na tarar da shi tsaye a bakin titi, takalma biyu a ƙafa. Ya kamata wannan ya sa in yi tunani. Ya shiga, ya gaishe ni ba tare da ya ce bawa ba. Wannan ma ya kamata. Da labarai suka ƙare sai ya zaro faifai daga aljihu, ba kwali, ba suna.

"Wasu sababbi ne," in ji shi. "Ina son in ji hukuncin alƙali."

Ba na son faifai marar kwali, amma na saka. Ganga ce ta fara, da gudu kamar an biyo ta. Sai jita ta shigo ta bi ta. Na ba su minti uku cif, don ba na yanke hukunci kafin minti uku. Sannan na gyara hulata, wadda ta riga ta sauko har gira, na fara bayani.

"Na ɗaya, mai gangar nan yana da wani wurin zuwa, a sallame shi ya tafi. Na biyu, ka ga hula da idonka, rock ne. Na uku, mai jitar. Wannan kamar mai tallan magani ne a tasha, ba ya barin kowa ya numfasa. Yatsunsa sun riga hankalinsa fita gida. Wanda ya koya masa ya cuce shi, wanda ya ɗauke shi a faifai ya cuce mu."

Na danna, faifan ya fito. Ina jiran ya ce wani abu a kan kunnen Kanawa. Sai ya karɓa, ya mai da shi aljihu, ya ce, "Bon," wato "to" a bakin mutanen Nijar. Da muka isa ya sauka ba ko sallama. Da yamma ya bugo waya ya ce kada in jira shi, zai hau jirgin ƙasa. Washegari ma haka. Mako biyu ina tafiya ni kaɗai. Motar ta yi tsaf, babu mai motsa kujera, kuma na gano cewa mai muryar buhun gero ba ya daɗi in babu wanda zai ce a ba shi maganin tari.

Matata ce ta kawo labarin, daga bakin matarsa. Ta bari na gama cin tuwo, ta zauna ta dube ni.

"Malam, ka san mai jitar da ka ce yatsunsa sun riga hankalinsa?"

"Ban san shi ba, ba na kuma neman sani."

"Shekara takwas kana ɗaukarsa ƙarfe bakwai saura kwata."

Ashe tun da ya cika hamsin yake zuwa koyon jita duk Asabar. Daga baya ya haɗu da wani likitan haƙori mai ganga da wani tsohon direban bas, suna kaɗawa a ɗakin ƙasa na gidansa. Ya ɓoye wa jama'armu, don ya san abin da za a ce: magidanci mai 'ya'ya mata sun isa aure, jikan malamai, ya rataya jita kamar maroƙi. Ni ne Bahaushe na farko da ya bari ya ji.

"Yaji ya yi," in ji matata. "Sai ka je biko."

"Namiji ba ya yaji."

"To wannan ya yi. Kuma ba a zuwa biko hannu sake."

Ranar Lahadi bayan la'asar na sayi goro a shagon kayan Afirka, na sa babbar riga, na tafi Takoma Park. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta ga goron, ta toshe baki da mayafi.

"Sannu da zuwa, Malam. Amaryar taka tana ƙasa. Kada ka yi mata tsawa, ba ta ci abincin kirki ba kwana biyu."

Na sauka. Yana zaune tsakanin injin wanki da gangunan likita, jita a jingine da bango. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, gida da aiki da gajiya, kamar baƙi. Na ajiye goron a kan injin wanki.

"Na zo da magana uku," na ce.

"Ko biko ma sai da lamba?"

"Na ɗaya, abin da na faɗa a kan malaminka na janye, ban san shi ba. Na biyu, abin da na faɗa a kan hankalinka na janye, wannan na san shi, yana nan daidai gwargwado. Na uku, gobe zan zo ƙarfe bakwai saura kwata."

"Saura na huɗu. Ka ce blues ne."

"Goro na kawo, ban kawo ƙarya ba."

"To ɗauki goronka."

Na ga da gaske yake, kuma na san in na hau matakalar nan haka, shi ke nan. Amma ba zan iya kiran abu da sunan da ba nasa ba, ko don shi. Na ce ya cire wayar lantarki daga jikin jitar, ya manta da likitan haƙori, ya kaɗa mini shi kaɗai. Ya ɗauka. Ya fara, kuma da gudu dai.

"Dakata. Wa ke bin ka?"

"Ba kowa."

"To ina za ka?"

Ya dubi yatsunsa. "In na tsaya, Bakano, sai in ji kuskurena. In ina gudu ba na ji."

"Mu muna ji. Sake, rabin wannan saurin."

Ya sake. Na ce a rage. Ya ce wannan ai tafiyar jana'iza ce, na ce a rage dai. A karo na uku ya ja tsirkiya guda ya bar ta ta yi kuka har ta gaji, ya yi shiru, sannan ya amsa mata da wata. Kurakuran suka fito fili, ɗaya bayan ɗaya, har da wani da ya sa shi ya runtse ido. Amma bai gudu ba. Ya kai ƙarshe, ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin, gumi a goshinsa.

"To?"

Na yi tunani sosai, don hukunci ba abin wasa ba ne.

"Blues ne," na ce. "Amma ba mai kyau ba."

Ya miƙe har jitar ta bugi injin wanki. Ya je gindin matakala ya ɗaga murya. "Hajiya! Sauko ki yi shaida! Bawan nan ya ce blues ne!"

"Na ce ba mai kyau ba."

"Wannan tsakaninka da Allah. Hajiya, ki zo da shayi, kuma ki ɗauke goron nan kafin ya sake shawara."