Yadda Abokina Ya Goge Min Turawana

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, an tura ni koyarwa wata sakandaren je-ka-ka-dawo a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, can wajen Sara. A Birnin Kudu nake zaune, kullum na bi motar haya da sassafe, na dawo bayan azahar. Darasin adabin Turanci aka ɗora mini, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don ni ne sabon zuwa kuma duk tsofaffin malaman sun zame. Abin da zan ba ku labari ya daɗe da wucewa, kowa ya manta, amma ni har yau idan na tuna sai na ji wuyana ya ɗau zafi.

A cikin littattafan jarrabawar fita akwai wani wasan kwaikwayo da aka rubuta shekaru ɗaruruwa da suka wuce, da irin Turancin da su kansu Turawan yanzu sai an yi musu fashin baƙi. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ban gane shi ba. A kwaleji haddace bayanin malami muka yi, muka mayar masa da abinsa a takarda, muka wuce. Yanzu ga ni da alli a hannu, ga ɗalibai tara sun zuba min ido, ina karanta layi ina gyaran murya kamar na san inda aka dosa.

Cikin taran nan akwai wata yarinya mai tambayar tsiya, 'yar wani manomi. Lauya take son zama, kuma an gaya mata ba a ɗaukar mutum karatun lauya sai da kiredit a adabin Turanci. Mahaifinta da kansa ya zo makaranta a kan keke, ya tsuguna muka gaisa duk da ya haife ni, ya ce, "Malam, an ce darasinka ne ƙofar. Ni dai ƙarfina na biya mata jarrabawa sau ɗaya ne, ga ƙannenta a baya. In ta samu, zan sayar da abin da zan sayar ta tafi. In ba ta samu ba, shi ke nan, mun gode Allah." Na ce masa in sha Allahu za ta samu, da ƙarfin gwiwar da ban san inda na aro shi ba.

Da aka yi dogon hutu na tafi Kano wurin yayana. A wurin aikinsa akwai intanet da ba a awo, a nan wani abokin aikinsa ya nuna min abin da ake kira fodkas, wato shirin hira na murya zalla da mutum zai sauke a waya ya saurara lokacin da ya so. Na laluba na ci karo da wasu Turawa biyu, tsoho da tsohuwa, tsofaffin malamai ne, sun ɗauki ainihin wasan nan namu suna bin sa fitowa bayan fitowa. Su karanta, su yi gardama, su yi dariya, su ce ga abin da wane yake nufi, ga abin da yake ɓoyewa. Kashi na farko kawai na ji na san na tsinci abin da nake nema. Kwana huɗu na yi ina zarya ofishin nan har na sauke duka, na zuba su a memori. Tun daga ranar nake ce musu Turawana.

Da aka koma makaranta sai na tsara wa kaina hanya. Fitowar da zan koyar a mako, ita kaɗai zan saurara. Ina shiga mota a tasha zan toshe kunnena, a matse ni tsakanin buhun gero da wani mai akuya, ni kuwa ina can wata duniya, wani lokaci har na tuntsire da dariya fasinjoji su juyo su kalle ni. Kafin mu isa na cika na batse. Na shiga aji na juye musu da Hausa, sannan mu koma Turancin, na tashe su tsaye kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya faɗi maganarsa da bakinsa. Ajin da a da ake hamma ya koma wurin gardama. Har malamai suka fara cewa ashe yaron nan ya san abinsa, ni kuma na gyara zaman hula ban gaya wa kowa sirrina ba.

Haka muka bi wasan har ya rage kashin ƙarshe, saura mako uku jarrabawa. Sai wayata ta daina karɓar caji.

Ina da wani aboki da muka taso unguwa ɗaya, yana da shagon gyaran waya da tura waƙoƙi da finafinai a bakin tasha a Birnin Kudu. Ranar Juma'a na miƙa masa ita kafin masallaci, na ce wurin cajin kawai zai duba. Wurin caji na ce, da bakina, har sau biyu. Bayan la'asar na koma, na tarar da shagon cike da direbobi da masu jiran caji, shi kuma yana ta washe baki.

"Mutumina, ga wayarka ta dawo sabuwa," in ji shi. "Kuma na yi maka wani alherin da ba ka sa ni ba."

Na ce, "Wane alheri?"

"Memorinka mana. Na leƙa na ga ya cika maƙil da tarkace. Wasu Turawa ne, mace da namiji, sai surutu suke, ba kiɗa ba hoto, har dariya suke wa junansu. Na ce wannan ko bairos ne, ko yara ne suka jagwalgwala maka. Na wanke shi tas, na cika maka shi da karatu da wa'azi. Kada ma ka ce za ka ba ni komai."

Na fizgi wayar. Na buɗe, na duba sama, na duba ƙasa. Babu ko ɗaya. Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. Na ce, "Wa ya sa ka? Wa ya aike ka cikin memorina? Kayan aikina ne ka goge, da su nake koyar da yaran mutane!"

Kowa a shagon ya juyo. Abokina ya buɗe baki yana kallona kamar wanda ya kawo wa maƙwabci tuwo aka watsa masa a ƙafa. Sai wani dattijon direba da ke zaune a kan benci ya ajiye goron da yake ɓarewa, ya ce, "Tsaya, Malam. Ni fa ban gane ba. Yanzu don an cire maka hirar Turawa an sa maka maganar Allah, shi ne kake wannan tada jijiyar wuya?"

Na ce, "Baba, ba haka nake nufi ba. Ni ban ce wa'azi ba shi da kyau ba."

"To alhamdu lillahi. Tunda yana da kyau, sai ka gode wa ɗan'uwanka."

Ku gaya min, me zan ce? Duk kalmar da na ɗauko sai na ga za ta fito kamar ina fifita Bature a kan karatun Alƙur'ani, a bakin tasha, ranar Juma'a, gaban mutanen da kafin magariba za su kai labarin har Gwaram. Wani ma daga baya na ji yana cewa, "Boko ke nan, in ya yi wa mutum yawa." Ni aka yi wa ɓarna, amma ni ake jira na ba da haƙuri. Wallahi na buɗe bakin nan nawa na ce, "Na gode." Wannan na goden ita ta fi komai ƙona min rai, har yau ban huce da ita ba.

Na je gida na kai ƙara wurin mahaifiyata, ina tsammanin ko ita za ta taya ni. Ta gama saurarona tana tankaɗe, ta ce, "Yaron nan tare kuka sha nono a zauren nan, ba zai cuce ka da gangan ba. Niyyarsa mai kyau ce. Turawan ai ba mutuwa suka yi ba, ka sake nemo su." Na ce, "Inna, ba ki gane ba." Ta ce, "Na gane sarai, kai ne dai ka cika zafin kai."

Washegari na bi motar farko zuwa Kano, na roƙi yayana ya buɗe min ofis. Na nemo shirin, ga hoton Turawana nan suna murmushi, amma duk tsofaffin hirarrakin an kulle su, sai mai irin katin bankin da ni ko ganinsa ban taɓa yi ba. Na nemi wasu, na samu masu magana a kan wasan a dunƙule, minti goma sun gama, babu mai shiga cikinsa yadda nake buƙata. Na dawo Birnin Kudu hannu rabbana.

Kashin ƙarshen nan kuwa shi ne ƙashin bayan wasan. Mutumin da aka ci amanarsa tun farko, aka raba shi da komai nasa, ya samu maƙiyansa duka a tafin hannunsa, sai kuma ya sake su. Na zauna da ƙamus na fassara kalma bayan kalma, na san me kowa ya ce, amma ban san me ya sa ya ce ba. Na shiga aji na koma irin koyarwata ta da, ina rubutu a allo ina ba su baya. Ban yi nisa ba yarinyar nan ta ɗaga hannu.

"Malam, bayan duk abin da suka yi masa, ga su a hannunsa, ko tuba na kirki ba su yi ba. Me ya sa ya ƙyale su?"

Na ce, "Saboda shi mutumin kirki ne. Ku rubuta."

Sauran suka sunkuya suka rubuta. Ita ta daɗe tana kallona da biro a hannu, sannan ta rubuta. Ta san wannan ba irin amsar da na saba ba su ba ce, ni ma na san ta sani.

Ranar jarrabawa ina tsaye a gindin darbejiya suka fito. Tambayar wasan kwaikwayon a kan wannan wurin ta faɗo, ba gaba ba baya. Na tambaye ta yaya, ta ce, "Na rubuta abin da ka ce, Malam. Layi huɗu ya ƙare, na rasa abin ƙarawa." Da sakamako ya fito ta samu kiredit a sauran darussan da take buƙata, nawa ne kaɗai ya gaza da mataki ɗaya. Mahaifinta bai zo ya yi min ƙorafi ba. Da muka haɗu a kasuwa ma shi ya fara gaishe ni, ya ce haka Allah ya so.

Ba zan rantse cewa tambayar nan ita kaɗai ta kayar da ita ba, ban ga takardarta ba. Kuma da na nutsu na ga nawa laifin. Wata da watanni hirarrakin nan suna aljihuna, me ya hana ni sauraron su duka tun a hutu? Na mayar da memori rumbu, ina ɗiban na mako-mako, ina taƙama da ilimin da ba a kaina yake ba. Wannan na karɓa, kuma tun daga shekarar ban sake shiga aji da littafin da ban bi shi har ƙarshe da kaina ba.

Amma karɓar laifina bai wanke abokina ba, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa niyya ce komai. Mutum ya buɗe kayan da ba nasa ba, ya ga abin da bai gane ba, maimakon ya tambaya sai ya yanke cewa shara ce. Kiran waya ɗaya ya isa, lambar ƙanena tana wurinsa. Muna gaisawa har gobe, na je sunan 'ya'yansa ya zo na nawa, amma bai taɓa cewa na yi haƙuri ba, don a wurinsa babu abin da ya faru. Wannan hali na ganin duk abin da ba mu fahimta ba banza ne, ya yi mana yawa, kuma masu yin sa da kyakkyawar niyya sun fi wuyar sha'ani, don ba ka da bakin yi musu faɗa.

Bara na je ta'aziyya cikin garin Gwaram, ina neman inda zan gyara aljihun rigata da ya kece a mota, aka nuna min wani shagon ɗinki. Ina leƙawa mai shagon ta miƙe tsaye ta ce, "Malam! Sannu da zuwa." Ita ce, yarinyar nan mai tambayar tsiya. Shagon nata ne, da kekuna uku da masu koyo, ga alama tana cikin rufin asiri. Ta sa aka kawo min ruwa, ta karɓi rigar, muka taɓa hirar makaranta. Tana cikin zura zare ta ce, "Malam, wai don Allah, mutumin nan na cikin wasa, me ya sa ya ƙyale su? Har yanzu yakan faɗo min."

A shekarun nan na karanta wasan ya fi a ƙirga, ba Bature ba kowa, ni da littafi. Na gyara zama na ce mata ba don kirki ba ne kawai, kuma ba don sun cancanta ba. Shekarun da ya yi yana shirya ramuwa, maƙiyan nasa ne suke juya rayuwarsa ko da ba sa nan, da ya riƙe su kuwa da ya ci gaba da zama mai gadinsu har ya mutu. Na kawo mata wuraren da ya nuna gajiyarsa, da inda ya kusa fasawa, da maganar da ta juya shi. Na fi minti ashirin ina bayani, masu koyon ɗinki sun tsayar da kekunansu suna saurare. Ban taɓa koyar da darasi mai kyan wannan ba.

Ta cije zaren ta miƙo min rigata. Ta ce, "Allah sarki. Ai da haka ka gaya mana a lokacin, Malam, da takardar ba ta ishe ni ba."